Ɗana yana amai duk ranar da ya sha kunun shinkafa: in biya gwajin jini ko in jira?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Ɗana wata 7, na fara ba shi kunun jarirai na garin shinkafa. Duk ranar da ya sha, bayan kamar awa biyu sai amai ya ɓarke, yana yi yana ƙarawa har ya yi laushi, idanunsa su faɗa. Ba ƙuraje, ba kumburi. An yi masa gwajin fata na alaji, wato ko jikinsa na ƙin wani abinci, aka ce ba a ga komai ba. Likitar yara ta ce in dakatar, nan gaba a gwada ba shi a asibiti a gabanta. Wani ɗakin gwaji kuma sun ce in kai jininsa su duba abinci iri-iri lokaci guda, amma kuɗin ba wasa ba. In biya, ko in jira?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Shinkafar da ta kwana ce, Hajiya. Akwai ƙwayar cuta Bacillus cereus da ke hayayyafa a dafaffiyar shinkafa in an bar ta a waje, gubarta kuma ɗumame ba ya kashe ta. Ki riƙa sakawa a firij da wuri.

Maman Hanif: Malam, garin gwangwani ne, nan take nake damawa.

Ɗan Autan Mama: Ni in aka ce in bar shinkafa ai gara a ce in bar gidan 😂

Ummu Sa'adatu: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Haka tawa ta yi sak. Gwajin fata da na jini duk suka fito lafiya lau, daga nan dangin mijina suka ce iyayi ne kawai irin nawa. Ranar da na bar ta wurin ƙanwar babanta, ta ba ta 'yan cokula a ɓoye, wai don ta saba. Na dawo na tarar da ita sharaf, ko kuka ba ta iya yi, leɓenta ya bushe, kai ya langaɓe a kafaɗata. Sai da aka yi mata ƙarin ruwa, da ƙyar ma aka samu jijiya a ƙafa. A nan wani likita ya ce FPIES ne, wato hanji ne ke ƙin furotin ɗin abincin, shi ya sa gwajin alaji ba ya nuna shi. Ya ce a abinci mai tauri shinkafa da hatsin ots na cikin waɗanda suka fi jawo shi. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Mijina cewa ya yi ai ba da gangan ta yi ba.

Anti Rabi: Innalillahi. To ke me ya sa kika bar ta ba ki ja musu kunne ba?

Ummu Sa'adatu: Na faɗa har bakina ya gaji, Anti. Wa ke sauraron matar ɗa?

Maman 'Yan Biyu: Kada ki biya. Mu gwajin nan ya cinye mana rabin albashi, aka ba ni takarda mai ja da kore, wai in bar madara, ƙwai, alkama, shinkafa. Na rame a banza.

Baban Ilham: Rabin albashi? Mu ko kwatan haka ba mu biya ba.

Sista Jamila: Ba gwaji ɗaya kuke magana ba. Gwajin jini na IgE shi ne na alajin da ke zuwa da gaggawa: borin jini, kumburin leɓe, sarƙewar numfashi, wanda in ya tsananta sai allurar adirenalin. Mai dogon jerin nan yawanci IgG ne, shi kuwa abin da mutum ya saba ci yake nunawa, ƙungiyoyin likitocin alaji ba su yarda da shi ba. FPIES kuma amansa yakan zo awa 1 zuwa 4 bayan ci, daga labarin da uwa ta bayar ake gane shi, sai gwajin ci a asibiti. Yawancin yara sukan rabu da shi wajen shekara 3 zuwa 5. Maman Hanif, kada ki gwada a gida, ki ci gaba da ba shi nono.

Anti Rabi: 'Ya'ya takwas na raina ban taɓa jin wani FPIES ba. Yaro in yana haƙori ai dole ya yi amai.

Sista Jamila: Anti, da girmanki, haƙori ba ya duba ranar da aka dama shinkafa.

Anti Rabi: Ke likita ce?

Sista Jamila: Ma'aikaciyar jinya ce ni, shi ya sa na ce ta bi likitarta.

Ɗan Autan Mama: A kawo kujeru, an fara.

Maman 'Yan Biyu: Ni abin da ke ƙona min rai rubutun jikin kaya. Madara da gyaɗa da alkama ana rubuta su baro-baro, shinkafa kuwa sai ki tsinto ta can tsakiyar jeri da ƙananan haruffa. Duk biskit ɗin da aka ce ba gulutin (furotin ɗin alkama), ki duba, galibi garin shinkafa ne a ciki.

Ummu Sa'adatu: Ko kin karanta ma, baƙi ne matsalar. Mutum ya shigo ya miƙa wa yarinya abu kafin ki buɗe baki, in kin karɓe ya ce kin raina shi. Makon jiya maƙwabciyata ta daina gaishe ni saboda haka.