Za mu gina ofishin ƙungiya mai dacewa da muhalli, ta ina ake farawa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta agaji ta samu tallafin gina ofis, kwamiti sun ce lallai ginin ya zama wanda ba ya cutar da muhalli, to ni dai sola ce ta fara zuwa min a rai, a cika rufi da faranti a sa batir shikenan. Damuwata ita ce masu tallafi kuɗin gini kawai suke bayarwa, kuɗin wuta da na gyara a wuyanmu zai zauna har abada. Don Allah masu sani a taimaka.

Mai_Zanen_Gini:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sola tana da kyau amma ita ce ta ƙarshe, ku fara da zane tukuna. Dogayen bangwaye su kalli kudu da arewa, a rage tagogi ta gabas da yamma don nan ne rana take dukan gini safe da yamma, a sa tagogi masu kallon juna iska ta ratsa, rufi ya fito sosai ya yi wa bango inuwa. In gini bai ɗau zafi ba esi kaɗan za ku buƙata, sai solar ma ta zama ƙarama, batir ɗin da za ku riƙa canzawa ya ragu. Ki duba makarantar da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001, bulon ƙasa ne, ya ɗaga kwano sama da silin ya bar fili a tsakani zafi yana fita ta nan. Mutumin nan ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022 fa.

Abu_Sadiq:
Gaskiya ne Injiniya. Kuma kar a manta da siminti, wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga sarrafa shi ne, in akwai tsohon gini mai ƙwari wallahi gyara shi ya fi a rushe a sake sabo.

Anti_Bilki:
Ni ruwa nake so ku kula da shi 'yar uwa, indararo ya zuba a tanki a riƙa ban ruwan bishiyoyi da wanke banɗaki. Sannan ku nemi shaidar EDGE, wato shaidar gini mai dacewa da muhalli ta hukumar IFC, wani reshe na Bankin Duniya, sharaɗinta a rage wuta da ruwa da kabon da ake fitarwa wajen sarrafa kayan gini da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da ginin da aka saba yi, takarda ce da za ku iya nuna wa masu tallafi.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, shi bulon ƙasan ruwan sama ba ya cinye shi?

Mai_Zanen_Gini:
A ɗora shi kan fandisho mai tsayi na dutse ko kankare, rufi ya kare shi daga feshi, zai daɗe sosai Hajiya.