Malamin waƙa ko masu gyaran magana, wa zan fara nema?

Zabiya: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na fara koyon waƙa gurin wani malami, to duk ranar da muka yi atisaye washegari sai in tashi murya a dishe, saman da nake kaiwa a da yanzu in na ja iska kawai ke fita. Shi cewa yake wai muryar ce ke buɗewa, in daure. Abin ya kusa wata. Wata ta ce in je gurin masu gyaran magana na asibiti, ni kuwa na zata masu in'ina kawai suke dubawa?

Mai Amshi: Wa alaikissalam. 'Yar uwa ki dakata da atisayen nan tukuna, murya ba ta buɗewa da ciwo wlh. Tantani ne guda biyu 'yan ƙanana a maƙogwaro ke fitar da murya, na mace in tana magana suna haɗuwa wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya, in kika hau sama abin ya ninka, to ki duba in ana matsa musu kullum ba hutu sai su kumbura, daga nan su yi kanta irin ta hannun mai aikin ƙarfi, sun daina rufuwa ruf kenan shi ya sa iska ke zurarewa. Dishewar da ta kai sati 4 likitan kunne da hanci da maƙogwaro ake kai wa ya leƙa da kyamara, shi zai tura ki gun mai gyaran magana. Su ba in'ina kaɗai ba, har mawaƙa da malaman makaranta suna gani.

Dan Kwalisa: Ki dinga shan ruwan ɗumi kafin ki fara, kuma ki koma yin raɗa har ta dawo.

Mai Amshi: Malam raɗa kam a'a, matse maƙogwaro ake yi a cikinta, gara ta yi magana a hankali ko ta yi shiru. Yawan gyaran murya ma buga tantanin yake. Ruwa yana da amfani amma ba ya taɓa su kai tsaye, hanyar abinci daban ta iska daban, sai jiki ya sha tukuna.

Uwar Biyu: Ni ma an taɓa tura ni gun wata mai gyaran magana. Bututun shan lemo ta ba ni, in sa a baki in dinga rera sauti ta ciki daga ƙasa zuwa sama, sai kuma kaɗa leɓe brrr, dariya ma abin ya ba ni amma a take na ji wuyana ya saki. Ta tambaye ni ko ina ƙwannafi, ashe shi ma yana cin murya. Mawaƙiyar Ingila Adele ma da duk ƙwarewarta sai da aka yi mata tiyatar maƙogwaro a 2011. Malamin da ya san lafiyar murya da kansa zai ce ki tsaya, naki kam gaskiya ki sake tunani.

Zabiya: Na gode Yaya, Allah ya saka. Bari in fara ganin likitan.