Na'urar yanayi a ƙaramin jirgi: wacce za ku ba ni shawara?

Ɗalibin Florida: Assalamu alaikum manya. Ina horon tuƙin jirgi a nan Amurka da ƙaramin jirgi Cessna 172, kuma lokacin zafi ya kama, kusan kullum da la'asar sai hadari ya haɗu. Ina da ForeFlight, manhajar matuƙa jirgi, a iPad. Na rasa wanda zan ɗauka, ƙaramin akwatin ADS-B mai kamo bayanan yanayi a jirgi irin su Sentry da Stratus, ko in biya kuɗin bayanan yanayi na kamfanin SiriusXM. Ku taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ga ɗalibi, akwatin ADS-B ya wadatar. Sau ɗaya za ka saya, bayanan yanayin kuma kyauta hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ke watsa su a kan zangon 978 MHz. Aibinsa ɗaya, daga turakun ƙasa yake kamawa, don haka a wasu filayen sai ka ɗan yi sama kafin hoton hadari ya shigo. SiriusXM ta tauraron ɗan'adam yake zuwa, yana kamawa tun kana ƙasa, amma duk wata sai ka biya.

Baba Kyaftin: Yarona, kowanne ka saya, ka riƙe wannan da kyau: hoton da ke kan allon nan ba na yanzu ba ne. Na'urorin rada na ƙasa ne ke leƙa sama, a tattara hotunansu, a haɗa, sannan a turo maka. Mintunan da ka ga an rubuta a gefe lissafin lokacin da aka gama haɗawa ne, hadarin kuwa ya riga ya motsa tun kafin nan. A 2012 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta yi gargaɗi cewa hoton kan iya tsufa da minti 15 zuwa 20 fiye da abin da allo ya nuna. Cikin abin da ya jawo gargaɗin har da wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper da ya tarwatse a sama kusa da garin Bryan na jihar Texas a Disambar 2011. Matuƙin yana ƙoƙarin kewaye hadari da irin wannan hoto, ashe hadarin ya riga ya rufe inda yake ganin hanya.

Ka yi amfani da shi tun kana nesa, ka yanke shawara: in kewaya ta kudu, in sauka in jira, ko in koma gida. Kada ka taɓa bin wata 'yar tsaga tsakanin jajaye biyu, wato alamar ruwa mai ƙarfi a allo, don allo ya nuna maka sarari.

Ɗalibin Florida: Na gode Baba. To nisan da ya kamata in bari fa?

Baba Kyaftin: Mil 20 daga hadari mai ƙarfi, haka FAA ta ce. Kuma kada ka ratsa ƙarƙashin rumfar nan da gajimaren ke shimfiɗawa a can sama. Wurin kan yi kamar fayau, amma ƙanƙara na iya faɗo maka daga nan.

'Yar Zariya: Ni tambayata ta gida ce. Mu da muke tashi a nan, wannan akwatin zai ba mu hoto?

Injiniya: A'a ƙanwata, waɗancan turakun a Amurka suke. A nan abin dogaro shi ne bayanin hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, kafin tashi, METAR da TAF (rahoton yanayin filin jirgi da hasashensa), sai masu hasumiya, sai idonki. In jirgin yana da na'urar gano walƙiya irin Stormscope ko Strike Finder, to kin samu abokin tafiya, domin walƙiyar kanta yake ji nan take, bai jiran kowa a ƙasa. Sai dai walƙiya mai ƙarfi kan bayyana kusa fiye da inda take, kuma ba ya nuna ruwa.

Baba Kyaftin: Hadarinmu na farkon damina daban yake. Daga gabas yake tasowa a jere kamar katanga, yana gudu zuwa yamma. Na taɓa dawowa da yamma, na waiga gabas na ga ƙasan baƙin gajimare ya yi ja wur, ƙura ce ta miƙe tana rigan ruwan. Ban tsaya lissafi ba, na sauka a filin da ya fi kusa. Muna cikin ɗaure fikafikai iskar ta iso, sai da mutum uku suka riƙe igiya ɗaya.

'Yar Zariya: Allah Ya tsare. Baba, kenan tashin safe ya fi?

Baba Kyaftin: Amin 'yata. Galibi ya fi, amma ki tambayi masu yanayi ko akwai ragowar na dare da ke tafe. Kuma ki ɗauki man da zai kai ki fili na biyu.