Fulat a bene cikin gari ko gida can bayan Arkilla? Ku ban shawara dan Allah

Angon_Gobe:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema wajen waɗanda sunka taɓa zaman haya cikin garin Sakkwato. Bikina ya matso in sha Allahu, kuma dillali ya nuna min wuri biyu. Na farko fulat ne ɗaki biyu da falo a wani bene kusa da titin Ahmadu Bello, hawan ƙarshe, gida shida ne cikin ginin, akwai get da mai gadi da bohol. Na biyu gida ne shi kaɗai can bayan Arkilla, shina da tsakar gida har da icen dogon yaro, amma ba ruwa sai an saya kuma hanyar ba kwalta. Kuɗin kusan ɗaya ne. Shagona na Babbar Kasuwa, shi ya sa raina ya fi kwanciya da benen, amma mahaifiyata ta ce ita ba ta ga yadda za a aje ɗiyar mutane a sama ba inda ko shanya ba ta da wurin yi. Mi kunka gani?

Ɗan_Kanwuri:
Wa alaikumus salam ango, Allah shi sa alheri. Ni na zauna irin wanga gida kuma gaskiya daɗin shi ba ƙarya ba ne. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kusa ta zama dukiya, kai da ke kasuwa in kana titin Ahmadu Bello ko mashin ba ka tayar ba agwagwa da buje (keke napep) guda ta kai ka, ka dawo ka ci abincin rana gida ka koma, wanda ke bayan Arkilla ko Dambuwa ba shi wannan. Ga asibiti kusa, in ciwo ya taso cikin dare ba sai kana buga ma maƙwabci ƙofa neman mota ba. Ga mutane kullum cikin gidan, in kun yi tafiya kun kulle ba ka da fargabar a haura katanga a kwashe kayan amarya.

Amma kalma ɗaya ta tsaya min cikin maganarka, hawan ƙarshe. Ɗan uwa Sakkwato muke fa. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, rufin nan ya wuni shina shan rana, da dare kuma ya sauke maka ita duka bisa kai, ka taɓa bango ƙarfe sha biyun dare ka ji shi da ɗumi. A gidan ƙasa in an ɗauke wuta ka fito da tabarma da gidan sauro tsakar gida ka yi barcinka, a bene ina za ka fita? Baranda ce ƴar ƙarama mai kallon titi, mace ba ta kwana nan. Mu har zane muke jiƙawa mu rufa, kafin asuba ya bushe ƙarau. In ba ka da halin sola da batir ko da na fanka biyu ne, to ka tambaya ko akwai na tsakiya ko na ƙasa da zai fita.

Sai ruwa. Bohol ba shi ne ruwa ba, wuta ce ruwa. In ba wuta ba a tura shi tanki, sai an haɗa kuɗin man janareta, kuma cikin gida shida dole a samu wanda kullum "gobe in sha Allahu". In tanki ya ƙafe kuma masu kura ba su son hawa bene da jarka, wanda ya yarda ma sai ya ƙara kuɗi.

Maman_Ɗiya:
Ƙanena ka saurari Hajiya, ba tsohon yayi ba ne maganarta. Ku maza kun fita tun safe sai dare, mu ke wuni cikin gidan. Ba ka daka a bene, ranar da na aza turmi zan daka yaji matar ƙasa ta aiko yaro wai kanta na ciwo, kuma gaskiyarta ce, dole na koma kai niƙa. Wanki sai ki sauko da bokiti ki yi shanya a igiyar kowa da kowa inda mai gadi da abokansa ke zaune, kayan da bai kamata namiji ya gani ba sai dai cikin bayi. Matattakala ɗaya ce, kin yi lulluɓi don kawai za ki zubda shara. Gawayi ma wahala, hayaƙi ya cika falo, sai gas kawai, ranar da ya ƙare ana tsakar girki shi kenan.

To ka tuna kuma da baƙi. Ranar kai amarya dangi za su cika gida, gobe Allah ya kawo rabo a yi suna, ina mata za su zauna, ina za a kafa tukwane? Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta zo barka ta hau bene biyu? Ragon layya ma mu gidan surukaina muke kai shi a yanka a can a tsire shi a can, naman kawai ke hawowa.

Ban ce duk sharri ba ne. Ba ƙura sosai lokacin hunturu kamar gidan ƙasa, ba awakin maƙwabta, kuma amarya ba ta kaɗaici, in ta dace da maƙwabta na kirki sun zama ƴan uwa, ni wadda ta riƙa ni lokacin haihuwar fari maƙwabciyata ce ta bene. Can bayan gari sabuwar amarya ita kaɗai cikin gida daga safe har isha'i, kewaye da kangaye, shi ma abin dubawa ne. Amma dan Allah ita wadda za ta zauna ɗin ka tambaye ta? Ka sa yayyenta mata su je su ga wurin biyu.

Malamin_Firamare:
Ango ko wane ka zaɓa kar ka ba da kuɗi sai ka yi abu kaɗan. Ka je gidan ba tare da dillali ba, da azahar rana tsaka, ka hau sama ka tsaya cikin ɗakin ka ji da jikinka, ka buɗe famfo ka gani. Ka sami wani ɗan haya da ya daɗe ka tambaye shi wa ke biyan mai gadi, wa ke gyaran injin bohol in ya ƙone, wa ke kiran motar kwasar masai in ta cika, don waɗannan su ke haɗa faɗa ba kuɗin haya ba. Mita kuma ka tabbatar kowane fulat da tashi ta kati, in mita ɗaya ce ake rabawa to kai mai fanka za ka riƙa biya ma mai esi da firiza. Ka tambaya layin wane rukuni ne, don tun Afrilun 2024 anka ƙara ma ƴan Band A kuɗi ya koma sama da naira 200 kowane yunit, su ne anka ce za a ba wuta awa 20 a rana, abin da daɗi amma kati na ƙarewa da wuri. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa la'adar dillali a ciki, da wata nawa za a ba ka in an so ka tashi, kuma ka ɗauki hoton duk abin da ka iske a lalace tun ranar farko.

Direban_Illela:
Ni ban yarda da tsoratar da shi da kuke ba. Gidan bayan gari ma da damina ku je ku ga hanyar, mai kabu-kabu na jin sunan unguwar zai ce ba ya zuwa ko ya ninka kuɗi. Ruwan saye kullum shi ma haya ce ta biyu. Su biyu ne kawai yanzu, ya yi shekara guda cikin gari ya tara abin da zai kashe a mai, in iyali sun ƙaru ya nemi mai tsakar gida.

Angon_Gobe:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Hajiya Maman_Ɗiya na yi ma amaryar magana yanzu, ta ce yayarta za ta je duka biyun ranar Asabar. Malam mitar kowa daban ce na duba, amma mai gadi ya ce min akwai na hawan tsakiya da zai tashi ƙarshen wata, sai dai tagoginsa yamma suke kallo. Ɗan_Kanwuri wanne ya fi sauƙi, rufi bisa kai ko ranar la'asar ta taga?

Ɗan_Kanwuri:
Ɗauki na tsakiya. Taga labule mai kauri na maganinta, ko ka sa a buga maka rumfar kwano ƴar ƙarama daga waje in mai gida ya yarda. Ka je gobe ka ba da wani abu a riƙe maka shi kafin dillali ya kai wani.