"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": har da mai aiko da kuɗin cefane?

Ba'adare: Salama alaikum. Jiya an yi cacar baki a gidanmu nan Tawa. Yayana ya komo daga Abijan, ya tarar matarsa ta sayar da rago ta biya wa ɗiyarsu kuɗin lakwal ba ta shawarce shi ba. Da ya ɗaga murya sai gwaggonmu ta ce masa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". To mutumin da duk ƙarshen wata kuɗinsa ke isowa ta kamfanin aika kuɗi na Nita, shi ma ya bar gida ke nan?

Malam Ɗan Kware: Wa alaikumus salam. Gwaggo ta yi masa nauyin baki. Ciyarwa ce aka ɗora wa namiji, kuma yana yi. Wannan magana ta wanda ya shiga duniya ce, ba wasiƙa ba saƙo.

Ƴar Madawa: Allah gafarta Malam, kuɗi ba ya kai yaro likita da tsakar dare. Kuma ragon ma na wa ne?

Ba'adare: Ita ta yi kiwonsa, shi ya sayi uwar.

Ƴar Madawa: To a kai wa alƙali, ni na fita.

Jikar Keita: Ku bari in ba ku na kakata. Bayan farin 1984 maza suka watse, kakanmu ya nufi Kwaddebuwa ya bar ta da ƴaƴa da rumbu wayam. Lokacin ne aka buɗe furojen Keita na Italiyawa, kuma kowa ya sani mata ne suka fi yawa a aikin. Da asuba za ta naɗa gammo, ta yi ta jidar duwatsu ana jera su a gangaren tsauni don tare ruwa, a biya su da abinci. Har ta rasu gashi bai sake fitowa a tsakar kanta ba. Da rarar hatsin ta sayi akuya, akuya ta zama garke, ta karɓi jinginar gona ƙari kan gamanarta. Ranar da tsoho ya dawo da rediyo da akwatin ƙarfe, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta aiko yaro da hura, ta ce a gaida baƙo. Kwana ya yi nan kafin a ce ya shigo. Da ya ce zai ba da innata aure ga ɗan abokinsa, ta ce masa yarinyar da aka raina da kuɗin dutse, mai dutsen za a tambaya. Innata dai ta ƙare lakwal.

Direban Ƙonni: Tsoho ya sha hurar kuwa?

Jikar Keita: Ya shanye har da neman ƙari. Kuma fa shekara ba ta zagayo ba ta je da kanta ta nemo masa amarya, wai ya samu mai yi masa hira ita tana kasuwa.

Ƴar Madawa: Kai, nan kam kaka ta ɓata rawarta da tsalle.

Mushe: Abin ya girmi 1984. Tun da Nasara ya ce a biya bodo da kuɗi samari suka fara tafiya bida, gandu ya soma tsagewa. Da can hatsin gida duka a hannun tsoho ɗaya yake. Yanzu kowa da aljihunsa, mace da asusunta da fegin albasa. Wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu shi ake jin maganarsa, ko wane ne.

Direban Ƙonni: Mushe, mu da muka tura wasu Yamai da ƙuri'unmu fa? Sun bar gida, amma in zaɓe ya ƙarato gidan ke tarbar su da kalangu.

Malam Ɗan Kware: Su ko cefanen ba su aikowa.

Ƴar Madawa: Suna aikowa mana, atamfa mai hotonsu da sabulu. Dokar 2000 da ta ware wa mata kason kujerun mulki ma, matansu da ƙannensu suka cike gurbin.

Mushe: A bar siyasa don Allah. Ku tuna 2011 da aka kwaso mutanenmu daga Libiya hannu wofi. Wa ya riƙe su? Matan da suka bari.

Malam Ɗan Kware: To ka gani, gida bai bar su ba ke nan.

Jikar Keita: Wasu ya karɓe su, wasu sun tarar har an raba auren a gaban sarki.

Direban Ƙonni: Ba'adare, yayanka yaushe zai koma? Ina da wuri ɗaya gaban mota ran Lahadi.

Ba'adare: Ya ce sai bayan Salla. Yanzu rigimar ta koma kan wanda zai sayi ragon layya.