Neman shawara: an ce sinadarin testosteron ya yi mini ƙaranci, shin in fara allura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata 46, ina da mata biyu, kuma amaryata ba ta haihu ba tukuna, muna dai jiran rabo. Na daɗe ina fama da kasala, sha'awata ta ragu ƙwarai, har iyali sun fara zargin ko akwai wata a waje. Ina da ciwon suga ina shan metformin, ga tumbi, sannan nakan sha tramadol saboda ciwon baya. Na yi gwajin jini bayan la'asar, sakamako ya nuna testosteron, wato sinadarin mazakuta, 250 ng/dL. Wani mai kemis ya ce zai riƙa yi mini allurar testosteron mai suna Sustanon duk bayan mako uku. Shin in fara, ko akwai abin da ya kamata in yi tukuna?

Wani likita a cikin zauren:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka fara allurar da wannan sakamako guda ɗaya. Testosteron yana hawa da sassafe ne ya sauka da yamma, cin abinci ma yana saukar da shi, saboda haka gwajin da aka yi bayan la'asar ba ya yanke hukunci. Ana ɗibar jinin ne da safe kafin ƙarfe goma, kafin a karya kumallo, a kuma maimaita a wata ranar. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ɗauki ƙasa da 300 ng/dL a matsayin ƙaranci, amma sai an same shi sau biyu tare da alamomi a jiki. Idan ya tabbata, za a gwada wasu sinadarai a jini, wato LH da FSH da prolactin, domin a gane ko matsalar daga maraina take, ko daga 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda take ba su umarni. A bayaninka na ga abubuwa uku da kowannensu yake rage wannan sinadari: ƙiba, ciwon suga, da tramadol. Na ukun ne ya fi ɗaukar hankalina, domin shi da kodin da danginsu suna danne wancan umarnin idan aka daɗe ana sha.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Yaya, ni maganar amarya ce ta tsaya mini. Mutane da yawa suna zaton allurar testosteron tana ƙara haihuwa tunda tana dawo da sha'awa, alhali kuwa akasin haka ne. Idan ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika a jini daga waje, sai ta daina aika LH da FSH, maraina kuma su rage yin ƙwayoyin haihuwa, a wasu mazan ma su ɗauke gaba ɗaya. Mutum zai ci gaba da kusantar iyalinsa, maniyyi yana fita kamar kullum, amma irin da ke ciki ya ragu ƙwarai ko ma babu shi. Ƙarfin wannan tasiri ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar a matsayin hanyar tazarar haihuwa ta maza, aka wallafa sakamakon a 1990. Bayan an daina, yawanci abin yana dawowa, sai dai yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu. A gidajenmu kuwa mun san wadda za a ɗora wa laifi idan ciki bai samu ba. Ka yi gwajin maniyyi tun yanzu, ka kuma faɗa wa likita a fili cewa kana neman haihuwa, domin akwai clomiphene da allurar hCG waɗanda suke sa jiki ya yi nasa sinadarin da kansa.

Wani dattijo da yake kan maganin:

Ƙanena, ni ina kan allurar testosteron mai suna Nebido, wadda ake yi duk bayan mako 10 zuwa 14, kuma na ji daɗinta, amma na gama haihuwa, kuma hangum ne ya taɓa mini maraina ina saurayi. Likitana ba ya sake rubuta ta sai ya ga PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, domin maganin yana sa jini ya yi kauri, idan ya wuce kashi 54 cikin ɗari ake dakatarwa. Ana kuma duba PSA, gwajin jini na lafiyar prostate, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Mai kemis ba zai bi maka waɗannan ba.

Wani mai harhaɗa magunguna:

Ina ƙara wa maganar Baba ƙarfi. Binciken TRAVERSE da aka fitar a 2023, wanda ya ƙunshi maza fiye da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80, bai samu ƙarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ga masu shafa testosteron ba, amma an ɗan fi samun rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu a cikinsu. Na shafawar kuma yana iya gogewa a jikin mata da yara idan ba a rufe wurin ba. Na ga wasu suna ba ka shawarar maganin ƙarfin maza na kwalba. An sha samun sildenafil, wato sinadarin Viagra, a ɓoye a cikin irinsu, kuma shi ba maganin ƙarancin testosteron ba ne.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Likita, shin in watsar da tramadol ɗin daga yau?

Likitan:

A'a Alhaji, idan ka daɗe kana sha, yanke shi kwatsam yana jawo rashin barci da gumi da tashin hankali, sai an riƙa rage shi sannu a hankali ƙarƙashin kulawa. Ka nemi a tura ka sashen ciwon suga ko na mafitsara a asibitin koyarwa mafi kusa da kai, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, kuma ka tambayi iyali ko kana minshari har numfashinka yana tsayawa cikin barci, domin likitan zai so ya ji wannan kafin ya rubuta komai.