Me za mu kira aikin da ake yi kafin a haƙa rijiyar mai?

1/ Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Ina rubuta tarihin IDSL (Integrated Data Services Limited), wanda ya kasance reshen NNPC mai hedikwata a Benin ta jihar Edo, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: geophysical survey. Duk inda na saurara, "haƙar mai" nake ji. Alhali kamfanin nan ba haƙa ce sana'arsa ba.

2/ A 1988 aka kafa shi, lokacin da aka karkasa NNPC zuwa rassa. Aikin da aka ba shi shi ne tattara bayanan ƙarƙashin ƙasa da tace su a kwamfuta. Tare da BGP, reshen CNPC, kamfanin mai na gwamnatin Sin, ya yi aiki a yankin Tafkin Chadi, ya kuma yi a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe.

3/ Ga yadda aikin yake. A shimfiɗa wayoyi a daji, a kakkafa 'yan na'urori a ƙasa jere da jere. Sai a fasa nakiya kaɗan cikin rami, ko wata ƙatuwar mota ta dafa ƙasa ta jijjiga ta. Amon ya nutsa, kowane shimfiɗin dutse ya mayar da nasa kason, na'urorin su ɗauka. Daga tsawon lokacin da amon ya yi kafin ya dawo ake gane zurfin dutsen da yadda ya kwanta. Wanda ya taɓa ganin uwarsa tana ƙwanƙwasa tulu a kasuwa don ta ji ko da tsaga, ya riga ya san rabin ilimin nan.

4/ Abin da ya sa "haƙa" take damuna: tana sa mutane su ɗauka an riga an ga mai. Rijiyoyi 23 NNPC ta haƙa a yankin Tafkin Chadi ba tare da samun man da zai kai kasuwa ba. A Kolmani ma sai da aka gama aikin nan na jijjiga ƙasa kafin a fara haƙa rijiya ta biyu a Fabrairun 2019, aka sanar da samun mai a Oktoba. Matakai ne daban, kowanne da mutanensa. Malaman Jami'ar Maiduguri da aka kai wa ayarinsu hari kusa da Magumeri a Yulin 2017, bincike suka fita, ba haƙa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

5/ Wani malamina ya ce "safiyo". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma da ka ce safiyo, mai yanka filaye ne zai faɗo wa mutum a rai. "Binciken ƙasa" kuma ta yi faɗi, har mai duba taki a gona tana ɗauka.

6/ Wata 'yar'uwa ta kawo "sauraren ƙasa". Wallahi ta yi mini daɗi a baki. Sai dai ba duk aikin ne na amo ba. Masu neman ruwa kafin a haƙa burtsatse lantarki suke turawa ta ƙarafa, wasu kuma maganaɗisun duwatsu suke aunawa daga jirgin sama.

7/ To ga inda na tsaya. Babban aikin gaba ɗaya: awon cikin ƙasa. Reshensa na amo, wanda Turawa ke kira seismic: sauraren ƙasa, kamar yadda 'yar'uwar tawa ta faɗa. 'Yan na'urorin nan kuwa, kunnuwan ƙasa. Na gwada a jimla: "IDSL ya kammala sauraren ƙasa a Kolmani, saura haƙa." Ta zauna daram.

8/ 'Yan'uwa na Diffa da Damagaram, CNPC na aikin mai a Agadem tun 2008. Leburorin da suka ja wayoyin nan, me suke kiran aikin a tsakaninsu? In suna da kalma, tasu zan ɗauka in ajiye tawa.